Yadda Ake Gano Matsala Idan Wayoyin Ofis Sun Ƙi Aiki Bayan An Haɗa Su

An ja kebul ta cikin silin, an kafa akwati a bango, an jera wayoyi a kan tebura. Maigida ya shigo ya ɗaga mariƙi zai kira akanta, sai shiru. Ko wayar ta yi ƙara amma ba a jin kowa, ko ana cikin magana ta ɗauke. Nan take za ka ji an ce, "Injin nan ba shi da kyau, a mayar wa mai shago." Na haɗa irin waɗannan wayoyi a otal-otal, makarantu da ƙananan asibitoci, kuma sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Laifin yana wuta, ko kebul, ko ramin da aka soka kebul ɗin. Shi ya sa nake fara bincike daga ƙasa, daga abin da hannu ke taɓawa, kafin in buɗe laftof.

A nan idan na ce "waya" ina nufin tarhon da ke kan tebur, igiyar da ke haɗa su kuma zan kira ta "kebul", don kada zancen ya cakuɗe.

Ka fara sanin irin kayan da ke gabanka

Iri biyu ne za ka fi gamuwa da su. Akwai tsohon intakom, irin Panasonic KX-TES824 mai ɗaukar layukan waje 3 da wayoyin ciki 8, wanda ake faɗaɗa shi har layuka 8 da wayoyi 24. Shi da siririn kebul yake aiki, mai ƙaramin kai na RJ11. Panasonic ya sanar tun ƙarshen 2020 cewa zai daina ƙera waɗannan injuna, amma har yanzu suna nan cike a ofisoshi, kuma kai za a kira idan sun yi gardama. Sai kuma sabon tsari na IP, inda injin raba kira irin Grandstream UCM ko Yeastar ke magana da wayoyin Yealink, Fanvil ko Grandstream ta kebul ɗin kwamfuta mai kan RJ45, ta cikin suwic, wato na'ura mai ramuka da yawa inda kebul ɗin kowace waya ke haɗuwa. Yawancin abin da zan faɗa kan sabon tsarin ne, tsohon kuma zan zo kansa can gaba.

A jakarka a samu testar kebul, mita mai awon wuta, filayar matse kai da sabbin kawuna, biron maka da salatif na takarda. Amma abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne gajeren kebul guda na kamfani wanda ka tabbatar da lafiyarsa, da waya guda wadda ka riga ka gwada ta yi aiki. Da su za ka riƙa auna komai.

Mataki na farko: ƙirga waɗanda abin ya shafa

Kafin ka taɓa komai, zagaya ofishin ka duba. Waya ɗaya ce ta mutu, ko na ɓangare guda, ko duka? Idan ɗaya ce, laifin yana tsakanin teburin da ramin suwic. Idan na bene guda ne, ka nufi suwic ɗin da ke ciyar da benen, ko kebul ɗin da ya haɗa shi da babban akwati. Idan duka ne, to wuta ce, ko babban suwic, ko injin kansa. Tambayi ma'aikatan kuma yaushe abin ke faruwa: kullum, ko da an tayar da janareta, ko bayan ruwan sama, ko da yamma. Amsar wannan tambaya kaɗai kan rage maka rabin aikin.

Idan waya ɗaya ce, cire ta daga tebur, kai ta gaban suwic, ka haɗa ta da gajeren kebul ɗinka. Ta tashi? To wayar lafiya, kebul ɗin bango ne ko soket ɗinsa. Ba ta tashi ba? Sauya rami. Har yanzu shiru? Sa lafiyayyar wayarka a wannan ramin. Abu ɗaya kawai za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji. Wanda ya sauya kebul da rami da waya lokaci guda, ko abin ya gyaru bai san me ya gyara ba, kuma gobe za a sake kiransa.

Mataki na biyu: wuta

Wayar IP na samun wuta ta hanya biyu: ko adafta a soket, ko ta cikin kebul ɗin kanta daga suwic, abin da ake kira PoE.

Idan adafta ce, karanta rubutun jikinta ka gwama da na bayan wayar. Ƙananan wayoyin Yealink da yawa 5V suke ci, adaftar kyamarar tsaro kuma 12V ce, kuma bakinsu kan yi kama har ɗaya ta shiga ramin ɗaya. Idan aka zube kaya a kwali guda ranar aiki, yaron da ke taya ka zai iya ɗaukar ta kyamara ya soka a waya, kuma daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙone. Ka rubuta wa kowace adafta sunan abin da take ciyarwa tun daga kwali.

Idan PoE ne, abu uku za ka duba. Na farko, wayar na karɓar PoE kuwa? A Yealink, T31 ba ta karɓa, T31P ce ke karɓa, harafin ƙarshen nan shi ne bambancin. Na biyu, ramin da ka soka yana ba da wuta? Suwic da yawa rabin ramukansu ne kawai ke bayarwa, ramin UPLINK kuma, wanda ke haɗa suwic da sauran tsarin, ba ya bayarwa. Na uku, wane irin PoE ne? Na ƙa'ida, wato 802.3af na 2003, yana ba kowane rami har wat 15.4 a kan ƙarfin wuta na wajen 48V, 802.3at na 2009 kuma har wat 30. Waɗannan sai sun tantance cewa abin da aka haɗa na buƙatar wuta sannan su sake ta. Amma akwai ƙananan akwatuna masu tura 24V kai tsaye, waɗanda ke zuwa da wasu rediyoyin intanet na saman kwano. Su ba sa tantance komai, ba za su tayar da wayarka ba, kuma suna iya lalata ta.

Sai batun jimillar ƙarfin suwic, wanda mutane suka fi mantawa da shi. A wata makaranta aka taɓa kirana, wai wayoyin ɗakin masu gadi da na ofishin ɗakunan kwana suna mutuwa kullum bayan sallar magariba, da safe kuma su dawo da kansu. An sauya wayoyin sau biyu, an sake matse kawuna, ba abin da ya canja. Na zauna gaban akwatin daga la'asar sakaliya ina kallo. Duhu na fara shiga, sai fitilar PoE MAX ta jikin suwic ta kama, ramukan ƙarshe uku suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ashe kyamarori goma ne a kan wannan suwic ɗin tare da wayoyin. Da rana kaɗan suke ci, da dare kuwa sai su kunna fitilunsu na gani cikin duhu, cinsu ya ƙaru, jimillar ta wuce abin da suwic ke iya bayarwa, shi kuma ya yanke ramukan da ba su da fifiko don ya tsira. Ƙaramin suwic na daban muka saya wa wayoyin, magana ta ƙare. Don haka ka duba jimillar wat da aka rubuta a jikin suwic, ka tara cin duk abin da ke kansa a lokacin da ya fi ci, ka bar rara. Ƙaramar wayar tebur ba ta cika wuce wat 4 zuwa 7 ba, kyamarori da akwatunan Wi-Fi ne masu haɗama.

Idan kuma wayoyi duka na mutuwa suna sake tashi duk sanda aka ɗauke wuta aka juya zuwa janareta, ai ba lalacewa ba ce, rashin UPS ne, wato akwatin batir mai riƙe wuta idan an ɗauke. Inji, suwic da rauta, wato akwatin da ke shigo da intanet, su hau UPS ko inbata guda. Alfanun PoE ke nan: ka riƙe suwic, ka riƙe wayoyin ofis gaba ɗaya.

Mataki na uku: kebul

A nan zan daɗe, domin a nan yawancin ciwon yake.

Fara da kai. Riƙe shi da ƙugiyarsa a ƙasa, haƙoran zinaren suna kallonka, ka karanta launuka daga hagu. A tsarin T568B, wanda aka fi bi, jerin shi ne: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Duka bakin biyu su zama iri ɗaya, har da soket ɗin bango, wanda yawanci ke da zanen A da na B a jikinsa. Duba ko kowane sili ya kai ƙarshen kan, ko rigar kebul ta shiga ciki an danne ta, ko kuma an warware murɗin fiye da rabin inci.

Akwai kuskuren da testa mai fitilu ba ta kamawa. Wani zai jera silin bibbiyu yadda suka zo, ruwan lemo da abokinsa, kore da abokinsa, shuɗi da abokinsa, haka a duka bakin biyu. Testa za ta haska 1 zuwa 8 daidai, ya ce aiki ya yi. Amma haƙori na 3 da na 6 dole su zama abokan murɗi ɗaya, domin murɗin ne ke kashe hayaniyar wuta. A gajeren kebul abin kan wuce, a mai tsawon mita 40 ko 50 kuwa sai murya ta riƙa tsinkewa, waya ta riƙa fita tana dawowa. Idan testa ta ce lafiya amma waya na gardama, ka duba launukan da idonka.

Wani abin lura: hanyar 100Mbps haƙora 1, 2, 3 da 6 kawai take amfani da su, amma wasu suwic ta 4, 5, 7 da 8 suke tura wuta. Shi ya sa za ka ga kebul ɗin da laftof ke hawa intanet da shi lafiya, a sa waya ta ƙi tashi. Silin shuɗi ko na ruwan ƙasa ne suka tsinke.

Sai tsawo. Iyakar kebul ɗin kwamfuta mita 100 ne, har da gajerun da ke bakin biyu. Kwali guda mita 305 ne, kuma jikin kebul ɗin akwai lambobin awo, ka karanta ta bakin nan da ta wancan bakin ka cire, ka san tsawon ba tare da ka hau silin ba. Idan ya wuce, sa wani suwic a tsakiya ko ka ja faiba, wato kebul ɗin gilashi mai aiki da haske.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan sana'a shi ne kebul ɗin CCA, wato alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kwalinsa na da kyau, an rubuta Cat6 da manyan baƙi, kuɗinsa kuma ya yi ƙasa sosai, don haka mai kwangila ke son sa. Amma alminiyon ya fi jan ƙarfe tauye wuta, ga saurin karyewa. Wayar da ke kusa da akwati za ta yi aiki, ta can ƙarshen baranda ta riƙa mutuwa, musamman idan ta fara ƙara ko aka kunna sifika. Gwajinsa ba wuya: fere sili ɗaya ka kankare shi da reza. Idan cikinsa ja ne har ƙasa, jan ƙarfe ne. Idan fari ya bayyana, alminiyon ne. Ka yi wannan gwaji a shago kafin ka biya, domin bayan an rufe silin da POP ba mai yarda a sake ja. Ina roƙonka kada ka sa wa mutane wannan kebul don ka rage kuɗin aiki. Asibitin da wayar ɗakin haihuwa ta ƙi tashi da tsakar dare bai ci ribar komai ba.

Idan kebul ya yi aiki watanni sannan ya mutu, ka zargi ɓera a silin, ko ƙusar kafinta, ko ƙofar da ke datse shi, ko rana idan kebul ɗin cikin ɗaki aka bi da shi ta waje. Kada kuma a kwantar da shi bututu ɗaya da kebul ɗin wutar lantarki. A bar tazarar kamar ƙafa ɗaya, idan dole su haɗu su gitta juna.

Mataki na huɗu: ramuka da maɓallai

Bayan wayar IP ramuka biyu ne masu kama ɗaya. Ɗaya an rubuta Internet ko LAN, shi ke zuwa bango. Ɗayan PC, na kwamfutar da ke teburin ne. Kebul ɗin bango a ramin PC, waya ba za ta samu wuta ba. Mafi muni shi ne a haɗa duka biyun da bango, ko a soka bakin kebul guda biyu a suwic ɗaya. Mai shara kan ga kebul na lilo ya soka shi da kyakkyawar niyya. Nan take saƙonni za su riƙa zagaye ba iyaka, fitilun suwic duka su riƙa ƙiftawa tare da sauri, wayoyi da kwamfutoci su tsaya cak. Ka riƙa zare kebul ɗaya bayan ɗaya har fitilun su lafa, na ƙarshen da ka zare shi ne mai laifi.

Duba gaban suwic ɗin kuma. Waɗanda aka yi don kyamarori suna da ɗan maɓalli mai rubutu kamar Default, VLAN da Extend. VLAN a irin wannan suwic yana hana ramuka ganin juna, kowa UPLINK kawai yake gani, sai waya ta kasa samun inji, ko ta yi ƙara a ɗauka a ji shiru. Extend kuma yana ƙara nisa amma ya sauke gudu zuwa 10Mbps. Mayar da shi Default.

Mariƙi ma ramuka biyu ne ƙanana ke kusa da juna, ɗaya da zanen mariƙi, ɗaya da zanen abin sawa a kunne. Idan sifika na aiki amma mariƙi shiru, nan za ka fara dubawa.

Mataki na biyar: adireshi

Waya ta tashi, fuskarta ta haska, amma ta ƙi rajista. A Yealink danna OK za ka ga adireshin IP ɗinta. Idan 0.0.0.0 ne ko ya fara da 169.254, ba ta samu mai raba adireshi ba, ka koma kan kebul, suwic da rauta. Idan ta samu, gwama shi da na inji. Inji na 192.168.1.10, waya na 192.168.8.101, to akwai wata rauta ta biyu da ke raba nata adireshin, galibi wadda wani ma'aikaci ya kawo daga gida ya soka a bango. Nemo ta ka zare, ko ka kashe DHCP ɗinta, wato aikin raba adireshi. Inji kuma a ba shi adireshi tsayayye wanda ba ya cikin waɗanda rauta ke rabawa. Wayar da aka saya ta hannu, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin a sa mata komai. Tunda ka shiga shafin inji, ka sauya kalmar sirrin da ya zo da ita, domin ɓarayin layi na neman irin waɗannan injuna su yi kiran ƙasashen waje da kuɗin mutane.

Mataki na shida: murya

Kira daga tebur zuwa tebur, sannan ka kira waje. Idan na ciki ma ba daɗi, matsalar na cikin ginin, kebul ko suwic. Idan na ciki tas yake, na waje ne ke tsinkewa, to intanet ne ko rauta. Jin ɓangare ɗaya kawai a kiran waje yawanci daga wani saiti ne mai suna SIP ALG a cikin rauta, kashe shi ka sake kunna ta. Kira guda bai kai 100kbps ba a kowace fuska, ba yawa yake ci ba, amma ba ya jure jira. Jinkirin da ya haura kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa ya isa mutane su fara katse juna. Kyamarorin da ke tura hoto waje da masu sauke bidiyo su ke cushe hanya, sai a ba murya fifiko a rauta.

Idan tsohon intakom ne

Mita ce abokiyarka. Sa ta a DC ka auna sili biyu na tsakiyar soket. Waya na ajiye za ka ga wajen 24V zuwa 48V gwargwadon inji, an ɗaga mariƙi ya faɗo ƙasa da 12V. Sifili na nufin kebul ya tsinke, ko silin biyu sun haɗe, ko ramin inji ya mutu. Je ka auna a bakin inji ka raba gardama. Kada ka riƙe tsirarar sili da hannu, idan kira ya shigo wutar ƙararrawa na kaiwa wajen 90V kuma tana ja. Layin da kullum ke nuna ana magana, ko silin sun haɗe ko mariƙi bai zauna ba. Ƙarar ƙas-ƙas da damina daga mahaɗar da ta sha danshi take, yanke ta ka sake sabuwa. Wayar KX-T7730 da ake saita TES824 da ita sili huɗu take buƙata, kuma a rami na 01 ake sa ta. Da sili biyu fuskarta ba za ta nuna komai ba, mutum ya ɗauka ta lalace.

A injunan da ke haɗa tsoho da sabo, rarrabe FXS da FXO. FXS shi ke ba da wuta, wayar tebur ake sa masa. FXO layin waje yake karɓa. Waya a FXO shiru za ka ji.

Layin waje

Tunda layukan NITEL suka zama tarihi, ofisoshi da yawa a Najeriya da akwatin sim suke fita waje. Idan ya ƙi, zare sim ɗin ka sa a wayar hannu: akwai kuɗi, an cire PIN, an haɗa shi da NIN? Kashe akwatin kafin ka mayar da shi. Eriyarsa kuma kada a kulle ta cikin akwatin ƙarfe, a fito da ita kusa da taga.

Kafin ka karɓi cikon kuɗinka

Kebul ɗin jan ƙarfe da ya tsallaka daga gini zuwa gini hanya ce ta tsawa. Ko a ja faiba, ko a sa abin kariya a duka bakin biyu, a kuma tabbatar kebul ɗin ƙasa na akwatin ya shiga ƙasa da gaske. Kada a kafa akwati a ɗakin da ba iska, zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato na haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma na toshe fanka, don haka a nuna wa wani a ofishin yadda zai riƙa hure ta.

Daga nan sai gwajin ƙarshe, a gaban maigida. Kira kowane tebur, a ɗauka, ku yi magana ta mariƙi da ta sifika. Kira waje, a kuma kira ku daga waje. Sa a kashe wutar ginin ana cikin kira, a tayar da janareta, a ga ko kiran ya tsaya. Idan akwai kyamarori a suwic ɗin, ka dawo bayan magariba ka sake dubawa. Rubuta lamba ɗaya a duka bakin kowane kebul, sannan a takarda guda ka jera lambar kebul, ramin suwic, ɗakin da ya je, lambar wayar da adireshin inji. Manna takardar a cikin murfin akwatin, ka ɗauki hotonta a wayarka, ka ba sakatare kwafi ɗaya.